Dala 30 a wata don karya ta samu wurin gudu

Filin yana bayan garin Greensboro, a jihar Karolina ta Arewa, tafiyar minti ashirin a mota. Da can gonar taba ce. Da tsohon mai gonar ya bar noma, sai 'yarsa ta kewaye wajen hekta ɗaya da rabi da waya, ta sa ƙofa mai buɗewa da lamba, ta shiga karɓar dala 30 a wata daga duk mai son ya kawo karensa ya kwance masa igiya. Abin da ake sayarwa ke nan: fili, shinge, da damar saki. A cikin gari doka ba ta yarda kare ya yi yawo ba igiya ba, kuma maƙwabci a nan ba ya jin nauyin kiran hukuma. Sunan wurin zan bar shi a cikina, domin akwai inda zan soke su, kuma ba wani babban kamfani ba ne, mata da miji ne da injin yankan ciyawa ɗaya.

Idan karenka irin mai son jama'a ne, wanda ko ɓarawo ya gani sai ya kaɗa masa wutsiya, to kuɗinka ya biya. Idan kuwa irin na wajenmu ne, ka sani sa'a ɗaya tak ka saya a yini, ta bayan sallar asuba, kafin sauran su farka.

Ni ba ni da kare. Aikina kula da tsofaffi a gidajensu, kuma dattijon da nake wa aiki yanzu Ba'amurke ne da ya yi aikin sa-kai na Peace Corps a yankin Tawa na ƙasarmu Nijar yana saurayi, tun zamanin Diori Hamani. Hausarsa ta tsufa tare da shi amma ba ta mutu ba. Kullum na shigo sai ya ce, "Malam, ina kwana, ina gajiya," ni kuma in ce, "Baba, yaya ƙarfin jiki?" Yana da karya 'yar Azawak da ya raɗa wa suna Barewa, ja ce mai farin safa a ƙafafu huɗu da ɗan fari a ƙarshen wutsiya. Tun da gwiwa ta zaunar da shi, fita da ita ya shiga cikin aikina. Da ya gaya mini yadda ya shiga layi wajen mai kiwonsu, ya jira har aka haifi 'yan kwikwiyo, ya amsa tambayoyi a kan gidansa da tsayin shingensa kafin a yarda a sayar masa, dariya ta kama ni. Mahaifina falken dabbobi ne, na bi shi kasuwannin Abalak da Cin-Tabaraden ina yaro, kuma duk zangon Abzinawa ko na Fulani da muka doshi, irin waɗannan karnukan ne ke fara tarbarmu da haushi tun daga nesa.

A nan ana lissafa ta cikin karnukan da suka fi ƙaranci a ƙasar. Ƙungiyar rajistar karnuka ta Amurka, AKC, wadda aka kafa tun 1884, sai a 2019 ta karɓi Azawak a littafinta. A jerin da take fitarwa duk shekara, na nau'o'i wajen 200, yana can kusa da ƙarshe tare da ɗan uwansa Sulugi na arewacin Afirka. Wanda ke kan gaba tun 2022 shi ne ɗan guntun buldok na Faransa mai lotsattsen hanci, wanda ya ture karen Labrador, mai son jama'a, bayan shekara 31 yana riƙe da kambun. Karnukan Azawak sun fara shiga Turai a shekarun 1970, ta Yugoslabiya da Faransa, sannan suka iso Amurka a tsakiyar shekarun 1980. To ƙarancin da ake magana a kai na takarda ne. Waɗanda ke kwance a gindin tanti tsakanin Nijar da Mali da Burkina Faso ba wanda ya rubuta sunan kakanninsu, don haka littafin bai san da zamansu ba. Kawo sabo daga can ma ba wasa ba ne yanzu: tun watan Agusta na 2024 hukumar lafiya ta CDC ta ce duk karen da zai shigo Amurka sai ya kai wata shida, sai an saka masa 'yar na'urar lamba a ƙarƙashin fata, kuma na ƙasashen da ke fama da cutar haukan kare, har da tamu, suna da ƙarin sharuɗɗa a kan haka.

Wannan maganar takarda ita ce abu na farko da zan yaba wa filin. Ba a ba ka lambar ƙofa sai ka tura shaidar allurar rigakafi daga likitan dabbobi: ta haukan kare, ta cututtukan nan masu kashe 'yan kwikwiyo da zawo da amai, da ta tarin da karnuka ke ɗauka a cunkoso. Dokar jihar ma ta wajabta yi wa kowane kare allurar hauka da zarar ya kai wata huɗu, amma matar mai filin ba ta tsaya ga cewa doka ta faɗa ba. Tana rubuta ranar da kowace allura za ta ƙare, idan lokaci ya yi ba ka kawo sabuwar takarda ba, lambarka ta daina buɗe ƙofa. Na ga wani ya tsaya yana danna lamba yana zage-zage, karensa na jan igiya, ƙofa ta ƙi. Ni raina fari ya yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 59,000 ke mutuwa da wannan cuta duk shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kuma cizon kare ne sanadin kusan duka. Wanda ya tashi inda cizon kare ke sa uwa ta kwana ba barci ba zai ga tsananin matar a matsayin fitina ba. Filayen da hukumomin gari ke buɗewa kyauta ne, suna da allo mai ɗauke da dokoki, amma ba mai tsayawa ya duba takardar kowa. Rabin dala 30 ɗin nan, a wajena, kuɗin wannan dubawar ne.

Ƙofar biyu ce, kamar zaure kafin tsakar gida. Ka buɗe ta farko, ku shiga ɗan keɓaɓɓen wuri, ka rufe bayanka, ka kwance igiya, sannan ka buɗe ta biyu. Dabara ce mai kyau, domin kare ba ya samun hanyar sulalewa titi. Matsalar ita ce ƙofar ɗaya ce ga kowa, kuma an jera bencina da famfon ruwa dab da ita. Saboda haka nan mutane ke taruwa, nan karnukansu ke taruwa, kuma duk sabon shigowa sai ya ratsa ta cikin hantuna biyar ko shida masu son shinshina shi lokaci guda. Labrador na ɗaukar wannan a matsayin gaisuwa. Barewa kuwa sai ta sandare, ta ɗaga kai, gashin bayanta ya miƙe, ta fara wani gurnani can ƙasa-ƙasa wanda sai wanda ke kusa yake ji. Da an mai da bencinan nan tsakiyar fili, da rabin rigimar wurin ta kau, kuma ba sai an kashe ko sisi ba.

Amma idan ka zo da sassafe, ranar aiki, raɓa ba ta bushe ba, ba kowa sai kai, to nan za ka ga abin da ka biya. Takan tsaya tukuna, ta dubi iyakar fili, ta yi ɗan taku mai sauƙi kamar ba ta da niyyar komai. Sai kawai ta ɓalle. Bayanta na lanƙwashewa yana miƙewa, ƙafafun baya na wuce na gaba, a kowane taku sau biyu take rabuwa da ƙasa gaba ɗaya, sau ɗaya a dunƙule, sau ɗaya a miƙe. Ana cewa irinsu na kai kilomita 60 a sa'a, kuma wanda ya tsaya a tsakiyar fili ta wuce shi ba zai yi gardama ba: ba ka jin haki, sai dukan ƙasa da ɓarɓashin laka na tashi. Ta zaga sau uku ko huɗu, ta dawo ta tsaya nesa da ni kaɗan, ba ta neman a shafa ta, shi ke nan ta gama. Duka-duka minti goma. Bayan gidan Baba ba ya isa ta kai ko rabin wannan gudun, kuma ranar da ta samu haka takan wuni kwance lafiya, ba ta zagaye ɗaki tana kuka.

Ciyawar ana yanke ta a kai a kai, akwai manyan itatuwa masu inuwa a gefe ɗaya, akwai leda da kwandon zuba kashi a kowane lungu, kuma yawanci mutane na kwashe na karnukansu. Ƙasar yankin jan laka ce, idan aka yi ruwa bakin ƙofa na zama taɓo mai kama takalmi, kuma jan nan ba ya fita daga farin wando. Sun sa tiyo a waje don wanke ƙafafu. Ban da abin cewa a nan.

Abin da nake da magana a kai shi ne shingen baya. Ta gaba da gefe wayar ta kai ƙafa biyar. Ta baya, inda fili ya haɗu da daji, tsohuwar wayar gona ce da ba ta wuce ƙafa huɗu ba, kuma daidai nan ne kurege ke wasa, nan ne barewar dajin Amurka ke fitowa kiwo da safe. Karya irin tamu tsayinta a kafaɗa kan kai santimita 60 zuwa 70, nauyinta kilo 15 zuwa 20, yawancinsa ƙafa ne da ƙirji. An halicce ta ta bi abin da ido ya gani, zomo ko barewa, kuma idan ta ɗauki gudu kunnenta ya toshe, ko ka yi fito har muryarka ta dushe. Ƙafa huɗu ba komai ba ne gare ta. Bayan dajin kuma akwai babban titi. Na gaya wa matar, ta saurare ni da kyau, ta ce suna da niyyar canza wayar idan kaka ta wuce. An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙasa. Kafin nan, duk lokacin da na saki Barewa, can baya nake zuwa in tsaya, tsakaninta da daji.

Ranar Asabar da hantsi wurin wani abu ne daban. Cike yake, kuma ba ma'aikaci ko ɗaya a ciki. Kyamara ce kawai a kan ƙofa. Kowa shi ne mai tsaron karensa, a rubuce. A aikace rabinsu na kan benci, kofin kofi a hannu ɗaya, waya a ɗayan. Wani saurayin kare mai cukurkuɗaɗɗen gashi ya dinga hawa bayan Barewa, ta kauce, ya biyo, ta kauce, ya sake, har ta juya ta kai masa cafka a iska, haƙoranta suka yi ƙara dab da kunnensa. Ba ta taɓa shi ba, gargaɗi ne, kuma duk wanda ya san kare ya san ta yi haƙuri. Sai a lokacin mai shi ya ɗago daga wayarsa, ya ce karyata mafaɗaciya ce, bai kamata a kawo ta ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali ma ba wannan ba ne. Akwai ɓangare na musamman na ƙananan karnuka, amma sai ka ga wata ta shigo da ɗan mitsitsin farin kare babban ɓangare, wai yana son manya. Ɗan ƙaramin abu fari mai gudu yana tsuwwa, a gaban karen farauta, zomo ne. Da na hango haka nake ɗaura igiya mu fita, ko da yanzu muka shigo.

Laifin ba na wannan filin kaɗai ba ne. Tun da aka fara irin waɗannan wurare, a garin Berkeley na Kalifoniya a 1979, tunanin shi ne karen birni da ba shi da tsakar gida ya samu inda zai yi wasa da 'yan uwansa. Wato an ɗauka kowane kare na son baƙo. Karen Azawak aikinsa na farko ma ba farauta ba ne, gadi ne: ya san mutanen zangonsa da dabbobinsu, duk wanda ba su ba kuma abin tuhuma ne har sai an ga hali. Wanda ya sayi irinsa don kyan tsayuwa, ya jefa shi cikin baƙin karnuka talatin yana jira ya yi murna, ya zalunce shi.

Sai kuma maganar haƙarƙari. Duk Azawak mai lafiya ana ganin haƙarƙarinsa da ƙasusuwan ƙugunsa ta cikin fata, haka ƙirarsa take, har ma'aunin da AKC ta rubuta ya faɗi haka. Mutanen nan sun saba da karnuka masu teɓa. Wasu na zaton tsohuwar 'yar tsere ce da aka ceto, domin tun da jihar Florida ta kaɗa ƙuri'ar hana tseren karnuka a 2018 gidaje da yawa suka karɓi irin waɗancan. Wasu kuma ba sa tambaya. Wata mata ta bi ni har mota, ta ce a gaskiya tana tunanin kiran hukumar kula da dabbobi, domin karyar nan yunwa ake bar ta da ita. Na buɗe wayata na nuna mata takardar likita mai ɗauke da nauyinta, na nuna mata hoton irinsu. Ta ba da haƙuri, har ta tambayi inda Nijar take. Amma baƙin mutum mai baƙon harshe riƙe da ramammiyar karya ya san irin kallon da ake masa, don haka takardar ba ta barin wayata.

Sau ɗaya a wata, mai filin kan ware yammacin Lahadi don masu karnukan da ba kasafai ake gani ba, mutane kaɗan, kowa idonsa a kan nasa. Wannan na ji daɗinsa ƙwarai, kuma shi kaɗai ne lokacin taro da nake kai Barewa da kwanciyar hankali. Na ga Basenji na Kongo, wanda ba ya haushi sai wata irin guɗa. Na ga mara gashin nan na Meziko, fatarsa baƙa sumul, da ɗumi idan ka taɓa, mai shi na shafa masa man kare rana. Amma wanda ya tsaya mini a rai ɗan ƙarami ne ja daga Norwe, Lundehund. Mai shi, wata malamar makaranta mai ritaya, ta ɗaga ƙafarsa ta baza mini yatsun a tafin hannunta: shida, kowanne da farcensa, ba kumburi ba ne ko nakasa, yatsu ne masu aiki. Ta ɗaga kansa a hankali ya lanƙwasa baya har ƙeya ta taɓa gadon baya, shi ko a jikinsa. Ta buɗe ƙafafunsa na gaba suka baje gefe da gefe. Kunnuwansa ma yana iya naɗe su ya rufe. Duk don hawan duwatsun bakin teku ne a tsibiran Lofoten, inda yake kutsawa rami ya fito da wani tsuntsun teku da mutanen wurin ke ci. Da aka koma kama tsuntsun da raga, daga baya aka hana farautarsa, sai karen ya rasa aiki. Annoba ta bi ta kansu lokacin yaƙin duniya na biyu, ta sake dawowa, har a farkon shekarun 1960 guda shida suka rage. Duk na duniya yau daga waɗannan suka fito, kuma suna biyan kuɗin auren zumuncin da ciwon hanji mai hana abinci kama jiki. Matar ta ce abincinsa a awo yake, kuma ta roƙi kowa kada ya ba shi ko loma. Wannan shi ne ƙaranci na gaske. Na Barewa, a ce yau an rufe littafin rajista, danginta na can suna korar dila daga garke.

Na san wasu za su tambaya, Musulmi da kare? A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai, kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake ana wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai. Karen farauta da na kiwo da na gadin gona an yi rangwame a kansu, kuma aya ta huɗu ta Suratul Ma'ida ta yi maganar abin da dabbar da aka horar ta kamo. Ajiye shi a ɗaki don sha'awa wata magana ce, kowa ya tambayi malaminsa. Ni dai ina da wando da riga na filin daban, a buhu cikin mota, domin Barewa ba ta lasar mutum amma Labrador ɗin mutane ba sa neman izini.

Yanayi ma a sa shi a lissafi. Da zafi, lokacin da masu lotsattsen hanci ke kwance a inuwa suna haki, ita ko gezau. Da sanyi kuwa, daga Disamba zuwa Fabrairu, ba ta da kitse ba ta da gashi mai kauri, sai an sa mata riga, idan ana yayyafi kuma ko fitowa daga mota ba ta yi. Wato akwai watannin da za ka biya ba ka mori komai ba, kuma ba a dakatar da biya. Gefen daji akwai kaska sosai daga bazara, don haka duk dawowa sai na bi kunnuwa da tsakanin yatsu. Sauron yankin na ɗauke da tsutsar da ke zama a zuciyar kare, maganin wata-wata dole ne, da fili ko ba fili.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi ci wa Baba rai: daga wurin ajiye mota zuwa ƙofa tsakuwa ce aka zuba, keken guragu ba ya tafiya a kai. Mutumin da ke biyan kuɗin bai taɓa shiga filin ba, daga kujerar mota yake leƙe. Na haɗa wannan da maganar shinge na rubuta wa mai filin. Ta amsa a ranar, ta ce shingen ne farko, hanyar keke sai sun ga abin da ya rage. Akwai rangwame ga wanda ya biya na shekara gaba ɗaya, Baba har ya ɗauko katinsa. Na ce, "Baba, a dakata tukuna. Mu ci gaba da na wata-wata har a ɗaga wayar baya."